Akwatin Littattafai da Tanderun Tubali

A makarantu da yawa akwai ɗakuna biyu waɗanda ba su san juna ba. Ɗaya shi ne ɗakin karatu, inda aka jera littattafai a kanta, wani lokaci har a sa wa ƙofar kwaɗo don kada yara su ɓata su. Ɗayan kuwa ɗakin koyon sana'a ne, inda ake jin ƙarar zarto da guduma, amma da wuya a ga takarda a cikinsa. Yaron da aka ga yana da kai, sai a tura shi na farkon. Wanda aka ga karatu yana ba shi wuya, sai a ce ya tafi na biyun. Ta haka ake samun saurayi mai takardar shaida wanda bai iya gyara ƙyauren ɗakin uwarsa ba, ana kuma samun kafinta mai kyan hannu wanda in an ba shi awo a rubuce sai ya nemi mai karanta masa.

Akwai wata makaranta a ƙasar Amurka wadda ta yi ƙoƙarin buɗe ƙofa tsakanin ɗakunan nan biyu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Sunanta Tuskegee, tana jihar Alabama. Yawancin waɗanda suka ɗauki nauyin aikinta bayi ne da aka 'yanta da 'ya'yansu, matalauta, masu bin Almasihu. Ya kamata ikkilisiyoyin da suke da makarantu su san labarinta, gama abin da aka yi a can ya ƙetaro teku har Afirka ta Yamma, ko da yake ba dukansa ne ya iso ba.

Yaron da ya yi wa littattafansa ɗaki

An haifi Booker T. Washington a shekara ta 1856 a jihar Virginia, cikin bauta. A zamanin nan jihohi da yawa na kudancin Amurka suna da doka mai hana a koya wa bawa karatu. Yana ƙaramin yaro yakan ɗauki littattafan 'yar ubangidansa ya raka ta har ƙofar makaranta, ya leƙa ya ga yara a zaune, sa'an nan ya juya, gama ba shi da izinin shiga.

Da yaƙin basasa ya ƙare a 1865, bayi suka sami 'yanci, uwarsa ta kwashe su zuwa wani gari mai suna Malden. A can aka sa shi aiki a wurin dafa gishiri, daga baya kuma a ramin haƙar gawayi. Abin da ya fara iya karantawa a duniya shi ne lamba 18, wadda shugaban aiki yake rubutawa a kan gangunan gishirin da mijin uwarsa ya cika. Uwar ba ta iya karatu ba, amma ta yi dabara ta samo masa wani tsohon littafin koyon baƙaƙe, ya yi ta fama da shi shi kaɗai.

Bayan haka ya zama yaron gida a wurin wata farar mace mai suna Viola Ruffner, wadda aka sani da tsananin son tsabta. A gidanta ne ya samo wani akwatin katako na zuba kaya, ya ɓalle gefe ɗaya, ya kafa 'yan kantoci a ciki, ya riƙa sa kowane irin littafi da ya faɗo hannunsa. Ya kira akwatin ɗakin karatunsa. Wato tun daga farko, kafin littattafansa su sami wurin zama sai da ya ɗauki guduma.

A 1872 ya kama hanyar makarantar Hampton, tafiyar kimanin kilomita 800, wani wuri a ƙasa, wani wuri a roƙi masu keken doki su rage masa hanya. Janar Samuel Armstrong ne ya kafa makarantar a 1868 da taimakon wata ƙungiyar mishan. Shi kansa ɗan masu aikin bishara ne a tsibiran Hawayi. Jarrabawar shiga da aka yi wa Washington ita ce a ba shi tsintsiya ya share aji. Ya share shi sau uku, ya goge ƙura sau huɗu, malamar ta bi da farin ƙyalle ba ta sami datti ba, aka karɓe shi. A Hampton ya koyi aiki da hannu ba tare da jin kunya ba, a nan kuma wata malama ta koya masa ƙaunar Littafi Mai Tsarki. Da ya gama a 1875 ya koma Malden yana koyarwa dare da rana, yana riƙe da makarantun Lahadi biyu, ya kuma buɗe wa matasan garin ɗan ƙaramin ɗakin karatu.

Makaranta ba gini

A garin Tuskegee akwai wani mutum mai suna Lewis Adams. An haife shi bawa, bai taɓa shiga aji ko na kwana ɗaya ba, amma ya iya karatu da rubutu, ya kuma iya ɗinkin takalma da kayan doki da ƙirar kwano. Shi ne ya matsa har majalisar jihar Alabama ta yarda ta riƙa ba da dala 2,000 a shekara domin makarantar horar da malamai baƙaƙen fata. Kuɗin na albashi ne kaɗai. Babu fili, babu gini, babu ko allo. Aka rubuta wa Janar Armstrong a nemi shugaba, shi kuwa ya aiko da Washington, yana da shekara 25.

Aka buɗe makarantar ran 4 ga watan Yuli 1881, da almajirai 30, a cikin wata tsohuwar majami'a da wata bukkar katako kusa da ita. Bukkar tana yoyo, har in ana ruwa sai wani almajiri ya riƙe wa malamin laima yana koyarwa. Ɗakin karatun farko na makarantar kusurwar wata bukka ce, faɗinta ƙafa 5, tsawonta ƙafa 12.

Abin da Washington ya tarar a ƙauyukan kewaye ya dame shi. Mutanen da aka hana su littafi shekaru aru-aru sun ɗauka littafi shi ne hanyar kuɓuta daga aikin hannu har abada. Ya ga wani saurayi zaune cikin ɗaki mai datti, ciyawa ta cinye gonar gidansu, shi kuwa yana haddace nahawun Faransanci. Cikin 'yan matan da suka zo makarantar akwai masu iya nuna Hamadar Sahara a taswira, amma ba su san yadda ake shirya teburin cin abinci ba. Almajirai suna son manyan littattafai masu dogayen sunaye. Da aka ce kowa zai yi aiki da hannu, iyaye suka yi ta aiko da wasiƙun ƙara, waɗansu suka zo da kansu, suna cewa sun sha aiki a gonakin iyayengiji, ba su kawo 'ya'yansu don a sāke ba su fartanya ba. Ƙarar tasu tana da dalili, gama ciwon bauta bai warke ba tukuna.

Washington bai janye ba. Aka sayi wata tsohuwar gona mai eka 100 a kan dala 500, da rancen da ma'ajin Hampton ya ba shi daga aljihunsa, da kuɗin da malama Olivia Davidson ta tara ta wurin sayar da abinci da neman gudummawa. Aka gyara bargar dawakai da akurkin kaji suka zama azuzuwa. Ranar da za a sare daji, shugaban da kansa ya ɗauki gatari ya shige gaba, almajirai suka ji kunya suka bi shi.

Tanderu huɗu

Babu mai gasa tubali a garin, makarantar kuwa tana bukatar gine-gine masu ƙarfi. Sai aka ce almajirai za su yi. Suka tsaya cikin laka har gwiwa, suka buga tubali wajen 25,000, aka jera a tanderu, aka sa wuta. Bai gasu ba. Aka yi na biyu, shi ma ya lalace. Na uku ya kusa nuna, sai ya rushe da tsakar dare. Kuɗi ya ƙare, malamai da yawa suka ce a haƙura. Washington ya ɗauki agogonsa ya tafi birnin Montgomery ya jinginar da shi a kan dala 15, ya dawo aka gina tanderu na huɗu. Wannan ya yi kyau. Agogon dai bai sāke komawa hannunsa ba, amma mai haƙuri yakan dafa dutse. Kafin shekara ta 1900 ta ƙare, almajiran Tuskegee suna gasa tubali 1,200,000 a shekara guda, fararen fatar garin ma suna zuwa saye. Cikin gine-gine 40 da makarantar take da su a lokacin, in banda huɗu, duka aikin almajirai ne.

Akwai darasi cikin tanderu ukun da suka lalace. Ƙarfi bai gaza ba, niyya ma ba ta gaza ba. Abin da ya gaza shi ne sani: yadda ake jera tubali don wuta ta ratsa, da yawan wutar, da kwanakin da za ta yi. Waɗansu mutane a wasu wurare sun riga sun san wannan. Makarantar ta saye shi da tsada domin ba ta da mai faɗa mata.

Zane kafin aiki

A 1892 wani saurayi mai suna Robert R. Taylor ya zo koyarwa. Ubansa kafinta ne kuma magini, wanda aka haifa cikin bauta. Shi kuwa ɗan ya gama babbar makarantar fasaha ta Massachusetts, wadda aka sani da MIT, shi ne kuma baƙar fata na farko da aka sani ya gama ta. Ya tarar da ɗakunan sana'a a hannun gwanaye masu aiki da ido da sabo, ba su saba da zane ba. Taylor ya kawo doka cewa kowane aiki, kome ƙanƙantarsa, sai an zana shi a takarda, an rubuta awonsa da kayan da zai ci, kafin a taɓa katako ko ƙarfe. Maƙeri da magini da mai ƙera keken doki duka suka shiga ajin zane. Tun daga ranar nan takarda ta shiga ɗakin sana'a. Babbar majami'ar makarantar, wadda aka gama a 1898, Taylor ne ya zana ta, almajirai suka gina ta da tubalin da suka gasa. Ta tsaya har 1957, sa'ad da gobara ta cinye ta.

Washington kuma ya matsa wa malaman aji daga nasu gefen. Yakan kwatanta tsarin da yake so da wata irin haɗa katako ta kafintoci, inda ake yanka bakin alluna biyu kamar haƙora, a cusa su cikin juna, su riƙe juna ko babu ƙusa. Ya bukaci malaman lissafi da na Turanci su riƙa zuwa maƙera da gona da ɗakin ɗinki su ga abin da almajiransu suke yi, su ɗauko darasi daga can. Maimakon lissafin da ba a san inda ya dosa ba, sai a tambayi yaro tubali nawa bangon da yake ginawa zai ci, a tambayi yarinya yadi nawa za ta yanka. Maimakon rubutu a kan abin da bai taɓa gani ba, sai a ce ya rubuta yadda ake sa wa doki takalmin ƙarfe. Almajiran da ba su da kuɗin makaranta sukan yi aiki sa'a 10 da rana, su yi karatu sa'a 2 da dare, aikin rana kuwa shi ne abincin darasin dare.

Har bikin sallamar almajirai ya sāke kama. A wasu makarantu akan hau dakali a yi jawabi mai manyan kalmomi. A Tuskegee wani yaro ya hau da kabejin da ya noma, ya bayyana wa taron manoma yadda ya zaɓi iri, ya gyara ƙasa, ya sa taki, ya yi yaƙi da ƙwari, ya kuma lissafta abin da ya kashe da abin da ya samu. Kafin ya iya tsayawa ya yi wannan bayani, sai da ya bi ta nahawu da lissafi da ilimin haɗa magunguna da na noma. Tsofaffin da ba su iya karatu ba suka gane kowace kalma, gama gani ya kori ji.

Wasiƙa zuwa ga mai arzikin ƙarfe

Irin wannan koyarwa tana cin littattafai. Yaron da aka ba shi abin haddacewa, littafi ɗaya ya ishe shi. Wanda aka ce ya gano abin da yake kashe masa kabeji, ko irin katakon da zai iya ɗaukar rufi, dole ya bincika wurare da yawa. Kafin ƙarshen 1900 abokan makarantar sun aiko da littattafai da mujallu fiye da 12,000, amma babu wurin da ya dace a ajiye su, babu kuma inda almajirai za su zauna su karanta.

A lokacin akwai wani attajiri mai suna Andrew Carnegie, mai masana'antun ƙarfe. An haife shi a ƙasar Sikotlan a 1835, ɗan masaƙi ne, talauci ya kawo iyayensa Amurka. Yana yaro ma'aikaci, wani mutum mai suna Kanar James Anderson ya buɗe wa yara masu aiki ɗakin littattafansa, suna ara kowane mako. Carnegie bai manta da wannan alheri ba. Da ya yi arziki, kuɗinsa ya gina ɗakunan karatu fiye da 2,500 a ƙasashe dabam-dabam. Shekara 10 Washington ya yi yana neman hankalin mutumin nan bai samu ba.

Ran 15 ga Disamba 1900 ya rubuta masa wasiƙa. Ya ce makarantar tana da almajirai 1,100 da malamai da ma'aikata 86, ban da iyalansu da maƙwabta, dukansu kuwa za su amfana. Ya ce dala 20,000 za ta isa. Sa'an nan ya kawo hujjar da babu wani mai roƙo da zai iya kawowa: almajirai ne za su gasa tubalin, su yi ginin, su yi aikin katako da na ƙarfe. Saboda haka kuɗin zai yi aiki uku. Zai ta da gini, zai koya wa matasa sana'a, ladan da za a biya su kuma da shi za su ci gaba da karatu. Carnegie ya amsa nan da nan cewa zai biya.

Taylor ya zana ginin, aka yi aikin a 1901, aka buɗe shi a 1902. Bene ne na jan tubali, da manyan ginshiƙai huɗu a gaba. A ciki akwai zauren karatu, da ɗakunan jaridu da mujallu, da zauren taro a sama, da wutar lantarki. Yaron da ya shiga ya zauna, yana iya nuna layin tubalin da hannunsa ya jera. Ba a bukatar a gargaɗe shi kada ya ɓata bango.

Darajar wannan gini takan fito sosai in an dubi birnin Atlanta. A shekarar nan ta 1902 aka buɗe babban ɗakin karatu a can, shi ma da kuɗin Carnegie, amma aka hana baƙaƙen fata shiga. Malaminsu W. E. B. Du Bois da waɗansu suka kai kuka, ba a saurare su ba. Sai a 1921 aka buɗe musu wani reshe nasu dabam.

Littafi ya tafi gona

Ɗakin karatu na kirki ba ya tsayawa ga karɓa kaɗai. A 1896 George Washington Carver ya zo ya shugabanci sashen noma. Bai tarar da kayan gwaji ba, sai ya fita da almajiransa suka tsinto kwalabe da tsofaffin tukwane a juji suka mai da su kayan aiki. Ƙasar yankin ta gaji saboda noman auduga shekara da shekaru. Carver ya yi ta gwada wake da dankali da gyaɗa a gonar makarantar, abin da ya tabbata kuma sai ya rubuta shi cikin 'yan ƙananan littattafai da harshe mai sauƙi, a buga a raba wa manoma. Ya rubuta 44 a rayuwarsa. Wanda ya fi suna ya fito a 1916, yana koya yadda ake noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta don ci. A 1906 kuma aka ƙera wani keken doki, aka ɗora masa garma da iri da kayan gwaji, yana zagaya ƙauyuka ya zama makaranta mai tafiya, domin waɗanda ba za su taɓa zuwa aji ba.

A 1908 wani malami mai suna Monroe Work ya zo ya buɗe ofishin tattara labarai da ƙididdiga a kan rayuwar baƙaƙen fata. Daga 1912 ya riƙa fitar da littafin shekara-shekara, a 1928 kuma ya buga jerin sunayen rubuce-rubuce fiye da 17,000 a kan baƙar fata a Afirka da Amurka. Makarantar da ta fara da kusurwar bukka ta kai ga rubuta littattafan da waɗansu ɗakunan karatu suke nema.

Gardama

Ba kowa ne ya yarda da Washington ba, masu sukarsa kuwa ba marasa hankali ba ne. A cikin makarantar kanta, waɗansu malamai sun ga ana matse lokacin littafi, ana kuma tilasta wa kowane darasi ya bi ta maƙera ko da bai dace ba. Roscoe Conkling Bruce, wanda ya gama jami'ar Harvard ya zo ya shugabanci sashen karatu a 1902, ya yi ta saɓani da shugaban a kan wannan, ya bar makarantar a 1906.

A waje kuma Du Bois ya fito fili a littafinsa na 1903. Ya zargi Washington da yin sassauci a kan 'yancin jefa ƙuri'a da daidaici a gaban shari'a, a daidai lokacin da jihohin kudu suke ƙwace su. Ya ce jama'a ba za ta tashi ba in ba ta da masu zurfin ilimi, ya kuma tuna wa mutane cewa Tuskegee kanta ba za ta tsaya ba in babu malaman da suka fito daga manyan makarantu. A nan gaskiya tana wajensa. Taylor da Carver da Work duka 'yan jami'a ne. Gaskiya ne kuma cewa waɗansu fararen fata masu ba da kuɗi suna son koyar da sana'a ne domin suna ganin za ta riƙe baƙar fata a matsayin lebura. Washington ya san haka, yakan yi musu magana mai daɗi a fili, a ɓoye kuwa yana biyan kuɗin lauyoyi masu ƙarar dokokin wariya.

Ya rasu ran 14 ga Nuwamba 1915, ya bar gine-gine fiye da 100 da almajirai wajen 1,500. Aka binne shi a harabar makarantar cikin kabarin tubali wanda almajirai suka gina. Bayansa makarantar ta ɗauki rabin maganar masu sukarsa: a 1927 ta fara karatun digiri, a 1932 littattafai suka koma sabon gini mafi girma, a 1985 ta zama jami'a. Ba ta kuwa bar koyar da noma da gini da injiniyanci ba.

Abin da ya iso Afirka

A ƙarshen shekara ta 1900, kusan lokacin da aka rubuta wa Carnegie wasiƙa, mutum huɗu daga Tuskegee suka shiga jirgin ruwa zuwa Togo, wadda take ƙarƙashin Jamus a lokacin. Wani kwamitin 'yan kasuwar Jamus ne ya ɗauke su domin inganta noman auduga. A 1904 aka buɗe makarantar auduga a garin Notse. Amma abin da Jamusawa suke so shi ne auduga domin masaƙunsu, waɗanda suka gama makarantar kuwa akan zaunar da su ƙarƙashin idon hukuma su noma abin da aka umarce su. Garma ta ƙetare teku, ɗakin karatu mai ginshiƙai huɗu bai biyo ta ba.

A 1920 da 1921 wata tawaga daga Amurka, ta asusun Phelps-Stokes, ta zagaya ƙasashen Afirka tana duba makarantu, yawancinsu na mishan. A cikinta akwai James Aggrey, mutumin ƙasar da ake kira Gana a yau. Rahotonta na 1922 ya yaba hanyar Hampton da Tuskegee. A 1925 gwamnatin Ingila ta fitar da manufar ilimi domin ƙasashen da take mulka a Afirka, mai cewa a daidaita koyarwa da rayuwar ƙauye. Sakataren kwamitin da ya shirya ta shi ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, wanda tun 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, har da sashen koyon sana'o'i. A 1929 Robert Taylor da kansa ya je Laberiya ya tsara makarantar Kakata mai sunan Booker Washington.

'Yan Afirka da yawa sun karɓi wannan manufa da zargi, kamar yadda iyayen Alabama suka yi. Sun ga in mai mulki ya ce sana'a ta ishi yaro, sau da yawa nufinsa kada yaron ya kai inda zai yi masa tambaya. Inda aka ba da fartanya aka riƙe littafi, zarginsu ya tabbata. Amma da 'yancin kai ya zo, a wurare da yawa aka juya zuwa ɗaya gefen, aka rungumi takardar shaida aka raina aikin hannu, ɗakunan nan biyu suka sāke rabuwa.

Abin da ya rage ga masu makarantu

Tun daga 1990 makarantun gwamnati a Ingila suke koyar da darasin zane da ƙere-ƙere a cikin manhajar ƙasa, waɗansu ƙasashe ma suna da irinsa. Matakansa su ne yaro ya ga wata bukata, ya bincika, ya zana, ya ƙera, ya gwada abin da ya ƙera. Mutanen Tuskegee da sun gane wannan tsari ba tare da an fassara musu ba. Matakin bincike a ɗakin karatu yake. Abin da aka gano wajen gwaji kuma, in an rubuta shi, can ya kamata ya koma, domin ajin baɗi kada ya sāke rushe tanderu uku.

Wannan ba ya jiran wani Carnegie. Malamin sana'a da mai riƙon littattafai suna iya zama tare a farkon shekara, su bi ayyukan da yara za su yi ɗaya bayan ɗaya, ko murhu mai cin itace kaɗan ne, ko amalanke, ko rumbun da gara ba ta ci, su ware wa kowane aiki abin da za a karanta kafin a fara shi. In ana neman gudummawar littattafai, a roƙi waɗanda ayyukan suke bukata, kada a tara abin da waɗansu suka gaji da shi kawai. Abin da tsohon magini ko maƙerin gari ya sani, a sa yara su tambaye shi su rubuta da Hausa, a ɗinke takardun a sa a kanta. Kantar kuma yaran ne za su yi ta.

Masu bi ba baƙi ba ne ga wannan hanya. Littafin Fitowa ya nuna Bezalel, gwanin zinariya da dutse da itace, yana aiki bisa ga fasalin da aka ba Musa. A zamanin Nehemiya, mutanen da suka gama ginin garun Urushalima su ne suka taru a dandali suka ce Ezra ya kawo littafin Shari'a ya karanta musu. Ubangiji Yesu, wanda mutanen Nazarat suka sani masassaƙi ne, shi ne ya miƙe a majami'arsu ya buɗe littafin Ishaya. Manzo Bulus kuma ya ci abinci da ɗinkin tanti a Koranti. Da ya tsufa yana kurkuku, ya aika wa Timoti ya zo kafin lokacin sanyi, ya kawo masa mayafin da ya bari a Taruwasa, ya haɗo da littattafansa.